Jerin African Writers Series: Abin da Mai Saye Zai Samu Cikin Littattafan Nan Masu Bango Ruwan Goro

Duk wanda ya yi karatun adabin Turanci a sakandare ko a jami'a a Afirka ta Yamma ya san ƙananan littattafan nan masu bango ruwan goro, waɗanda kamfanin Heinemann na Landan ya fara fitarwa a shekarar 1962 da sunan African Writers Series, wato jerin marubutan Afirka. Har yau ana sayar da su, sababbi da tsofaffi, na gaske da na jabu, a shagunan littattafai na harabar jami'o'i da teburan masu tsofaffin littattafai da kuma ta intanet. Ɗalibai da malamai da iyaye suna yawan tambaya ko sun cancanci kuɗin da ake nema a kansu, yanzu da littafi ya yi tsada. Amsata ita ce sun cancanta ƙwarai, sai dai dalilina ya bambanta da wanda aka saba faɗa a aji. Abin da aka saba koya wa yara shi ne cewa littattafan nan sun kare al'adun Afirka daga ɓatancin Turawa. Wanda ya zauna ya karanta su da idon basira zai tarar marubutan sun tuhumi Bature, sun tuhumi al'adar iyayensu, sannan suka juya suka tuhumi sabuwar ƙasar da aka ɗaga wa tuta ranar samun 'yancin kai, kuma babu ɗaya daga cikin ukun da suka yi wa sassauci. Wannan gaskiyar ita ce hajar da mai saye yake biya wa kuɗi.

Kafin a shiga abin da ke ciki, ya kamata a dubi kayan da kansu. Alan Hill, wanda yake shugabantar sashen littattafan makaranta na kamfanin, shi ne ya kafa jerin tare da Van Milne, kuma suka roƙi marubuci ɗan Najeriya Chinua Achebe ya zama editan da ke ba da shawara. Achebe ya riƙe wannan aiki daga 1962 zuwa 1972 ba tare da albashi ba, kuma a hannunsa aka zaɓi littattafai 100 na farko. Daga 1967 zuwa 1984 James Currey ne yake kula da jerin daga Landan, yana aiki tare da rassan kamfanin na Ibadan da Nairobi. An tsara su a matsayin littattafan da ɗan makaranta zai iya saya: bango mai laushi, girman da zai shiga aljihun riga, lamba a jikin kowanne, hoton marubuci da ɗan taƙaitaccen tarihinsa a baya. Launin bango yana gaya wa mai saye abin da ya ɗauka tun kafin ya buɗe, domin ruwan goro na ƙagaggun labarai ne, kore na waƙa da wasan kwaikwayo, shuɗi kuwa na tarihin rayuwa da rubutun da ba ƙirƙira ba. Tsofaffin bugu suna ɗauke da sunayen sauran littattafan jerin a shafukan farko, kuma wannan ɗan tsari ya yi aikin da ba a cika yabawa ba, domin yaron da ya gama littafin ɗan Najeriya yakan ga sunan ɗan Kamaru da ɗan Somaliya da ɗan Sudan a jere, sai ya fahimci cewa akwai wata babbar muhawara da ake yi a faɗin nahiyar. Zuwa farkon shekarun 2000, an fitar da littattafai sama da 350.

Ingancin takarda matsakaici ne. Tsofaffin bugu na shekarun 1970 sun yi ja saboda tsufa, gefensu ya yi laushi, amma rubutun yana nan baƙi wuluk, kuma yawancinsu ba su zubar da shafi ba idan an adana su nesa da damshi da gara. Babbar matsalar mai saye a yau ita ce jabu. Masu satar fasaha sun fi kai hari ga littattafan da hukumomin jarrabawa suka sa a manhaja, kuma ana gane aikinsu idan an lura. Launin bangon yakan koma kamar ja ko rawaya, hoton marubucin ya dushe har ba a gane fuskarsa, layukan rubutu su karkace zuwa gefe ɗaya, tawada ta yi kauri a wani shafi ta kuma yi fari a na gaba. Na taɓa sayen kwafin Arrow of God na Achebe a hannun wani mai tebur a bakin hanya, sai da na kai tsakiyar labarin na tarar an maimaita wasu shafuka an tsallake waɗanda ya kamata su biyo baya, daidai wurin da aka tsare jarumin labarin, Ezeulu. Wanda zai saya ya buɗe littafin a tsakiya ya danna a hankali, domin gam ɗin jabu yakan tsage nan take, sannan ya bi lambobin shafi da yatsa kafin ya miƙa kuɗi. Tsohon kwafi na gaske wanda wani ɗalibi ya ja wa layi da biro ya fi sabon jabu mai sheƙi amfani, kuma sau da yawa ya fi shi araha.

Littafi mai lamba 1 shi ne Things Fall Apart na Achebe, wanda ya fara fitowa a 1958, kuma an fassara shi zuwa harsuna fiye da 50. Shi ne aka fi karantawa, shi ne kuma aka fi yi wa gurguwar fahimta. Achebe ya nuna Umuofia, garin Ibo da labarin ya gudana a cikinsa, a matsayin al'umma mai shari'a da ladabi da fasahar magana, wadda take sasanta rikicin aure a dandali kuma take auna mutum da aikinsa, kuma wannan ya isa amsa ga Turawan da suka ce Afirka ba ta da tarihi. Amma a cikin wannan al'ummar ake jefar da tagwaye a daji, a cikinta ake ware wasu mutane da ake kira osu a hana su cuɗanya da sauran jama'a, a cikinta kuma jarumin labarin, Okonkwo, ya sare Ikemefuna, yaron da yake kiransa uba, bayan wani dattijo ya gargaɗe shi kada ya sa hannu. Lokacin da 'yan mishan suka iso, waɗanda suka fara bin su su ne waɗanda al'adar ta ƙuntata wa: matar da aka sha jefar mata da tagwaye, da osu, da Nwoye ɗan Okonkwo wanda kisan Ikemefuna ya bar masa tabo a zuciya. Marubucin bai ɓoye cewa kantin Bature ya ɗaga farashin manja har kuɗi suka shigo gari ba. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma Achebe ya nuna tsagar da idon ɗan gida mai ƙaunar gidansu. Duk da haka bai wanke mai mulkin mallaka ba, domin littafin ya ƙare da Di'o yana tsaye kusa da gawar Okonkwo yana tunanin cewa labarin mutumin zai iya cika sakin layi guda a littafin da yake rubutawa. Ban san wani shafi a adabin Afirka da ya fi wannan nuna yadda mai iko yake ƙanƙantar da rayuwar wanda yake mulka ba.

Ina ba mai saye shawara kada ya tsaya a nan, domin littattafan Achebe guda uku da suka biyo baya su ne suka kai maganar inda take da zafi. A No Longer at Ease na 1960, jikan Okonkwo, Obi, ya dawo daga Ingila da digiri bayan ƙungiyar 'yan garinsu ta ranta masa fam 800, ya kama aikin gwamnati a Legas yana cike da burin gyara ƙasa. 'Yan garinsu suna kallon kujerarsa a matsayin rabonsu daga dukiyar gwamnati, wadda a wurinsu ba ta kowa ba ce. Mahaifinsa, wanda ya bar addinin gargajiya tun yana yaro ya zama mai wa'azin coci, ya ƙi yarda Obi ya auri Clara saboda ita osu ce. Cikin wannan matsi na bashi da dangi da al'ada Obi ya fara karɓar cin hanci, har aka kama shi a kan fam 20. Arrow of God na 1964 ya koma shekarun 1920, lokacin da Turawa suka so su ɗora wa ƙasar Ibo irin tsarin mulki ta hannun sarakuna da Lugga ya gina a kan masarautun Arewa, alhali yawancin garuruwan Ibo ba su da sarki irin wannan. Babban limamin gunki Ezeulu ya ƙi karɓar sarautar da Bature ya ba shi, aka tsare shi, ya dawo ya jinkirta bikin sabuwar doya don ya hukunta mutanensa, yunwa ta sa suka kai doyarsu coci. A ganina wannan ne littafin Achebe mafi zurfi, kuma shi ne ya fi wahalar karantawa ga ɗan sakandare. A Man of the People kuwa ya fito a Janairun 1966, yana ba da labarin minista Nanga da ɓarnar 'yan siyasa a wata ƙasa da ba a ambaci sunanta ba, ya kuma ƙare da juyin mulkin soja, a cikin watan da sojoji suka kifar da Jamhuriya ta Farko ranar 15 ga Janairu.

Daga Kenya jerin ya kawo Ngugi wa Thiong'o, wanda ya nuna wa Achebe rubutunsa a taron marubuta na jami'ar Makerere da ke Uganda a 1962 yana ɗalibi, aka kuma buga Weep Not, Child a 1964. The River Between na 1965 ya ɗauko rikicin da ya tashi a ƙasar Kikuyu wajen 1929 tsakanin 'yan mishan da jama'a a kan kaciyar mata, ya aza shi a kan tuddai biyu, Kameno da Makuyu, da kogi ya raba. Muthoni, 'yar mai wa'azi Joshua, ta so ta zama Kirista kuma ta zama cikakkiyar mace bisa al'adar kabilarta, sai ta mutu sakamakon kaciyar, kuma kowane ɓangare ya ɗauki mutuwarta hujja a kan ɗaya. Jarumin labarin, Waiyaki, ya yi zaton makarantu za su haɗa kan mutanensa, sai aka juya masa baya. A Grain of Wheat na 1967 ya fi shi nauyi. Labarin yana gudana cikin kwanakin da suka gabaci bikin 'yancin kai na 12 ga Disamba 1963, kuma mutumin da ƙauye yake so ya yi jawabi a matsayin gwarzo, Mugo, shi ne ya ci amanar jagoran gwagwarmaya Kihika. A gefe guda kuma, gonar Baturen da talakawa suka haɗa kuɗi za su saya, ɗan majalisarsu ne ya riga su mallaka. Ngugi yana tambayar wane ne ya cancanci a kira shi ɗan ƙasa bayan yaƙin da kowa ya fito daga cikinsa da abin kunya, kuma bai ba da amsa mai kwantar da hankali ba.

Akwai wasu littattafai huɗu a jerin da nake ganin mai karatu Bahaushe zai fi jin su a jikinsa, domin sun fito daga al'ummomin Musulmi, kuma dukkansu fassara ce. Na farko shi ne Ambiguous Adventure na Cheikh Hamidou Kane ɗan Senegal, wanda ya fito da Faransanci a 1961. An buɗe shi a makarantar allo, inda malam Thierno yake murɗe kunnen Samba Diallo har jini ya fito saboda ya yi tuntuɓe a aya, alhali a zuciyarsa malamin ya san bai taɓa samun almajiri kamarsa ba. Muna ganin yaran suna bara ƙofa ƙofa, ɗan sarauta a cikinsu sanye da tsumma. Sai tambayar da ta dami ƙasar Diallobe ta taso: a kai yara makarantar Bature ko kada a kai? Yayar sarki, mace mai faɗa a ji, ta tara jama'a maza da mata ta ce ita ma ba ta son makarantar, amma dole a je a koyo yadda ake cin nasara ba tare da ana da gaskiya ba. Sarkin da malamin suna tsoron kada abin da yaran za su manta ya fi abin da za su koya daraja. Samba ya tafi Paris ya karanta falsafa, ya dawo ba ya iya salla da zuciyar da ya tafi da ita, kuma wani mai taɓin hankali da yake ƙaunar marigayi malamin ya kashe shi bayan ya matsa masa ya yi salla. Muhawarar allo da boko da kakanninmu suka yi, wadda har yanzu ba ta mutu ba, ban ga inda aka rubuta ta da mutunta ɓangarorin biyu kamar nan ba. Littafin siriri ne, amma maganganun cikinsa na falsafa ne, kuma mai gaggawa zai gaji da shi.

Na biyu shi ne The Suns of Independence na Ahmadou Kourouma ɗan Kwaddibuwa, wanda aka fara bugawa a Montreal a 1968, jerin kuma ya fitar da fassararsa a 1981. Idan ana maganar zama ɗan ƙasa, wannan ne littafin da zan fara miƙa wa mutum. Jarumin labarin, Fama, ɗan sarautar kabilar Malinke ne wanda ya kashe dukiyarsa wajen yaƙar mulkin Faransa, amma da 'yanci ya zo, da yake bai yi boko ba, abin da ya samu biyu ne kawai: katin shaidar ɗan ƙasa da katin jam'iyya ɗaya tilo. Ya koma yana bin wuraren jana'iza da sadakar bakwai da ta arba'in don ya samu abin sawa a baka. Ƙasar kakanninsa, Horodugu, iyakar da Turawa suka shata ta raba ta tsakanin jamhuriya biyu, har wani ma'aikacin kan iyaka yake neman takarda a hannunsa kafin ya shiga garin da aka haife shi. A kan wannan iyakar ya gamu da ajalinsa. Wanda yake da dangi a Katsina da Maraɗi, ko a Daura da Damagaram, ba ya bukatar a yi masa sharhin wannan labari. Kourouma bai mayar da Fama waliyyi ba, domin ya nuna girman kansa da zafin ransa da wahalar da matarsa Salimata take sha.

Na uku shi ne Season of Migration to the North na Tayeb Salih ɗan Sudan, wanda ya fito da Larabci a 1966, Denys Johnson-Davies ya fassara shi, jerin ya buga a 1969. Mai ba da labarin ya dawo ƙauyensu a bakin Nilu bayan shekara bakwai yana karatu a Turai, ya tarar da wani baƙo, Mustafa Sa'id, wanda ya yi fice a Landan, ya mayar da yaudarar matan Ingila wata irin ramuwar gayya a kan mulkin mallaka, har ya kashe matarsa aka ɗaure shi. A ƙarshe an buɗe wani ɗaki da yake kullewa a cikin gidansa na ƙasa, sai ga murhun dumama ɗaki irin na Ingila da tarin littattafai, babu ko ɗaya na Larabci, har Alƙur'anin da ke ciki fassarar Turanci ce. Amma tashin hankalin da ya fi girgiza mai karatu a ƙauyen ya faru, lokacin da aka tilasta wa Husna, matar da Mustafa ya bari, auren tsoho Wad Rayyis, ta kashe shi ta kashe kanta, mai ba da labarin kuma, da duk iliminsa da aikinsa a ma'aikatar ilimi a Khartum, bai hana ba. Wajibi ne in gargaɗi iyaye da malamai cewa littafin yana da maganganun batsa a fili, kuma na manya ne. Na huɗu shi ne So Long a Letter na Mariama Ba 'yar Senegal, wanda ya ci kyautar Noma a 1980. Wasiƙa ce da Ramatulaye take rubuta wa aminiyarta tana cikin takaba, bayan mijin da suka haifi 'ya'ya 12 tare ya auri ƙawar 'yarsu ya ƙaurace mata. Ba ta bar addininta ba, ba ta kuma bar gidanta ba, amma ta tambayi wani ɗan majalisa yadda aka yi mata huɗu ne kawai cikin wakilai 100 bayan shekaru da samun 'yanci. A nan rikicin al'ada da tambayar wa ke da ƙasa sun haɗu a tsakar gida ɗaya.

The Beautyful Ones Are Not Yet Born na Ayi Kwei Armah, a kan ƙarshen mulkin Nkrumah da juyin mulkin 1966 a Gana, da God's Bits of Wood na Sembene Ousmane, a kan yajin aikin ma'aikatan jirgin ƙasa na layin Dakar zuwa kogin Neja a 1947 da 1948, su ma sun cancanci kuɗinsu, kodayake ƙazantar da Armah yake siffantawa dalla dalla takan hana wasu gamawa.

Aibin jerin babba ne, kuma bai kamata a rufe shi ba. Kusan komai da Turanci yake. Tun a 1963 masanin adabi ɗan Najeriya Obi Wali ya rubuta a mujallar Transition cewa adabin Afirka da ake yi da harsunan Turai ba zai kai ko'ina ba. Achebe ya amsa da cewa an ba shi harshen kuma zai yi amfani da shi, ya lanƙwasa shi ya ɗauki nauyin rayuwarsa, yana kuma ganin Turanci ne kaɗai zai iya haɗa Najeriya mai ɗaruruwan harsuna a shafi ɗaya. Ngugi ya bi ɗaya hanyar. An tsare shi a ƙarshen Disamban 1977 bayan wasan kwaikwayon da ya shirya da Kikuyu tare da manoma da ma'aikata a Kamiriithu, ya rubuta labarinsa na farko da Kikuyu a kan takardar bayan gida a kurkukun Kamiti, fassararsa kuma ta shiga jerin a 1982 da sunan Devil on the Cross, mai lamba 200. Ina tare da Ngugi a kan cewa labarin da uwar marubuci ba za ta iya sauraro ba ya rasa wani abu mai muhimmanci, ina kuma tare da Achebe a kan cewa ba don Turanci ba da ban taɓa jin labarin tuddan Kikuyu ba. Amma sakamakon zaɓin a bayyane yake: jerin ya fi ɗaukar muryar waɗanda suka fito daga makarantun mishan da jami'o'in Ibadan da Makerere, kuma mai karatu zai iya fita da zaton cewa rubutun ƙagaggen labari a Afirka da su ya fara.

Mai karatun Hausa ya san ba haka ba ne. Gasar da Rupert East ya shirya a 1933 a Hukumar Fassara ta Zariya ta haifar da Ruwan Bagaja da Shaihu Umar da Ganɗoki da sauransu, kuma Ganɗoki na Bello Kagara ya taɓo yaƙin da aka yi da Turawa lokacin da suka ci ƙasar Hausa, fiye da shekara 20 kafin Achebe ya buga littafinsa na farko. Fassarar Shaihu Umar ta Turanci da Mervyn Hiskett ya yi a 1967 a kamfanin Longman ta fito, haka ma The Stillborn na Zaynab Alkali a 1984, The Last Imam na Ibrahim Tahir kuma a wani kamfanin dabam a wannan shekarar. Abin da jerin ya fi shahara da shi game da Arewa shi ne littafi mai lamba 2, Burning Grass na Cyprian Ekwensi, wanda aka haifa a Minna a 1921. Labarin Mai Sunsaye ne, Bafulatanin da ciwon yawo da ake kira sokugo ya kama, kuma an rubuta shi da ƙauna da sanin daji, sai dai labarin kasada ne mai sauƙi, ba ya shiga cikin tambayoyin sarauta da addini da boko da suka dami Arewa a lokacin. Mata ma sun jira: sai a lamba 26 aka samu littafin mace, Efuru na Flora Nwapa a 1966. Wole Soyinka ya taɓa nuna fargabar cewa jerin zai zama wata unguwa mai launin ruwan goro da za a killace marubutan Afirka a ciki, kuma akwai gaskiya a maganarsa, tunda an gina kasuwar a kan makarantu da jarrabawa. Wannan dogaro ne ya sa da tattalin arzikin Najeriya ya karye a 1982, aka taƙaita kuɗin waje, cinikin jerin ya faɗi, sababbin littattafai suka ragu sosai.

Ta fuskar taimakon mai karatu, bugu ya bambanta. Tsofaffin ba su da gabatarwa, wasu suna da ɗan jerin ma'anar kalmomi a ƙarshe, wasu babu ko wannan, don haka wanda bai san tarihin dokar ta ɓaci ta Kenya ta 1952 ba zai yi ta lalube a cikin littattafan Ngugi. Bugun Things Fall Apart na 1996 da aka faɗaɗa da bayanai a kan al'ada da tarihin Ibo shi ne ya fi dacewa da malamin aji. A 'yan shekarun nan wasu kamfanoni sun sake buga da dama daga cikin littattafan da sabon bango, ciki har da Waveland a Amurka da Apollo Africa a Ingila, kuma takardarsu ta fi kyau, amma da yake da kuɗin waje ake shigo da su, farashinsu ya fi ƙarfin yawancin ɗalibai. Wanda kuɗinsa bai kai ya tara da yawa ba, ya fara da uku: Things Fall Apart, da Ambiguous Adventure, da The Suns of Independence, ya karanta su a jere cikin wannan tsari, domin na farko yana nuna shigowar Bature, na biyu yana nuna makarantarsa, na uku kuma yana nuna katin shaida da iyakar da ya bari. Makarantar da take sayen na ɗakin karatu ta ƙara da So Long a Letter da A Grain of Wheat, ta ajiye littafin Tayeb Salih a kantar malamai, ta kuma sa Ganɗoki da Shaihu Umar a kan kanta ɗaya da su.